Daga Cuku Biyu Zuwa Banki: Darasi Daga Rayuwar Joseph Livesey da Iyalinsa

Kafin a buɗe akwati yau, ina roƙon ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Labarin wani Bature zan ba ku, mutumin ƙasar Ingila, Kirista, wanda ya rasu fiye da shekara 140 da suka wuce. Wata za ta ce, me ya haɗa mu da shi? Abu uku ne: jari ƙarami, kuɗin da shaye-shaye ke cinyewa a gida, da riƙon amana ranar da ajiya ta shiga matsala. Duk ukun nan muna fama da su a wannan ƙungiya.

Sunansa Joseph Livesey, wato Yusufu ke nan a wajenmu. An haife shi a shekarar 1794 a wani ƙauye mai suna Walton-le-Dale, kusa da garin Preston, a arewacin Ingila. Yana ɗan shekara 7 tarin fuka ya kashe uwarsa da ubansa, duk a shekara ɗaya, 1801. Kakansa ne ya ɗauke shi riƙo. Ba a jima ba kasuwancin kakan ya karye, gidan gaba ɗaya suka koma saƙar hannu a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai danshi. Yaron bai samu makaranta ta kirki ba. Littafi yake jinginawa a jikin masaƙa, hannu na aiki ido na karatu, da haka ya koyi abin da ya koya.

A 1815 ya auri wata yarinya mai suna Jane Williams, shekara ta zagayo suka koma cikin garin Preston. Nan rashin lafiya ta kama shi, likita ya ce ya riƙa cin cuku don ya samu ƙarfi. Da ya je kasuwa, sai ya lura da wani abu: mai sayen ɗan yanki yana biyan tsada, amma wanda ya sayi dunƙule guda daga hannun manomi yana samun rahusa sosai. Kuɗi kuwa babu. Ya je wurin wani aboki ya ranto 'yan kuɗi kaɗan, ya sayi dunƙule biyu. Ya yanka, suka ci nasu, sauran ya sayar wa maƙwabta a farashin da ya fi na kasuwa sauƙi, kuma duk da haka ya samu riba. Da ya auna ya ga ribar ta fi abin da saƙa ke ba shi, sai ya kafa tebur a bakin hanya. Matarsa ta shiga cikin cinikin, suka riƙe shi tare. A hankali ya bar saƙa, ya zama babban dillalin cuku mai zagaya kasuwannin yankin.

Ku lura da tsarin abin, iyayena. Sai da ya ga farashin sari, ya ga farashin sayarwa, ya san waɗanda za su saya, sannan ya ci bashi. Kuma daidai abin da zai iya juyawa ya ranta. To mu fa? Wata za ta nemi rancen naira 20,000, a tambaye ta me za ta yi da shi, ta ce sana'a. Wace sana'a? Shiru. Shi ya sa nake roƙon duk mai neman rance ta zo da amsar tambaya uku. Nawa ne sarin? Nawa zan sayar, bayan na cire kuɗin mota da na niƙa da abin da zai lalace? Su wa za su saya, kuma hannu da hannu ne ko bashi? Mai ƙuli-ƙuli ce, mai daddawa ce, mai kiwon akuya ce, tambayoyin ɗaya ne. Wadda ba ta da amsa tukuna, ba kunya ba ce ta jira mako mai zuwa.

Sai magana ta biyu. A zamanin nan talakawan Ingila giya ta yi musu katutu. A 1830 gwamnati ta yi dokar da ta sauƙaƙa buɗe gidan sayar da giya, duk wanda ya biya ɗan kuɗin lasisi sai ya buɗe a gidansa. Wasu masu masana'antu ma a gidan giya suke biyan ma'aikata ladansu ranar Asabar. Kun ga kafin maigida ya iso gida, rabin kuɗin ya tafi. Wa ke kwana da yunwa? Mata da yara.

Livesey da kansa yana ɗan taɓawa a da, ya daina a 1831. Akwai ƙungiyoyin yaƙi da maye a lokacin, amma abin da suke cewa shi ne a bar barasa mai ƙarfi, a sha mai sauƙi daidai wa daida. Shi ya ga wannan ba ya hana komai, domin mai sauƙin ita talaka ke sha har ya bugu. Ranar 1 ga Satumba, 1832, shi da wasu mutum shida suka sa hannu a takarda cewa sun bar duk wani abin sha mai sa maye. Su ake kira Mutum Bakwai na Preston. Daga wannan takarda tafiyar ta bazu cikin Ingila har ta ƙetare teku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake wa mutane bayani. Masu sha suna cewa giya abinci ce, tana ba ma'aikaci ƙarfi. Sai ya zo da ita gaban taro, ya ɗora a wuta, ya kunna wa barasar da ke fita wuta ta ƙone, ruwan ya ƙafe, ya nuna musu ɗan abin da ya rage a gindin tukunya. Sannan ya yi musu lissafi: ga kuɗin da kuka biya, ga sha'irin da wannan kuɗi zai saya da a ce hatsi kuka saya kuka kai gida. Mutum ya gani da idonsa, ya ƙirga da yatsunsa.

Mu a nan addininmu ya riga ya hana maye, amma kada mu rufe ido. Kun san abin da ke yawo a hannun samari, har da wasu magidanta da wasu matan aure: tiramol, sholisho, wiwi, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Bari mu yi irin lissafin Livesey. A ce yaro yana kashe naira 200 kullum a kan ƙwaya. A mako naira 1,400 ke nan. In zubinmu naira 500 ne, ya kusa cinye zubi uku. A shekara kuwa naira 73,000. Ku faɗa mini, awaki nawa ne wannan a kasuwarmu? Ba a ma sa kuɗin asibiti da na beli ba.

Ga inda abin ya shafi akwatinmu kai tsaye. Yakan faru mace ta karɓi rance da sunanta, ta miƙa wa ɗa ko miji, ta san a ranta ba sana'a za a yi da shi ba. Ranar biya sunanta ne a littafi, ita za a kira, ita za ta sunkuyar da kai. Na san maganar da nauyi, uwa ba ta son tona asirin ɗanta. Amma wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Wadda ke cikin irin wannan hali ta samu shugaba ko wata dattijuwa da ta yarda da ita, a keɓe, a nemi liman ko wani babba da yaron ke jin maganarsa, a kai shi asibiti in abin ya yi nisa. Sauranmu kuma, abin da aka faɗa a zaman nan ya tsaya a zaman nan. Ranar da muka mai da sirrin 'yar uwa abin hira a bakin rijiya, ranar kowa za ta ja bakinta ta yi shiru.

Mu koma gidan Livesey. Allah ya ba shi da Jane 'ya'ya 13, huɗu suka rasu suna ƙanana, tara suka girma. Kuɗin da bai tafi ga maye ba ya tafi ga karatu da sana'ar yaran. Ya buɗe maɗaba'a, a 1844 kuma shi da 'ya'yansa suka kafa jarida mai suna Preston Guardian. Ɗaya daga cikinsu, James, ya zama injiniyan hanyar jirgin ƙasa. Tun a 1828 Livesey yana cikin waɗanda suka kafa wata makaranta ta ma'aikata a garin, wadda yau ta zama jami'a. Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya tsayar da zuwan auduga daga 1861, masaƙun Preston suka rufe, dubban mutane suka rasa aiki, yana cikin masu tsayawa a kan rabon agaji. Wannan shi ne aikin asusun jin ƙai da muke zuba wa 'yan canji kowane mako. Kada wata ta raina shi, ranar haihuwa ko gobara ake sanin amfaninsa.

Magana ta uku ita ce ta banki. A 1866 wani babban gidan kuɗi ya karye a Landan, tsoro ya shiga ko'ina, mutane suka ruga bankuna kowa na son kwashe nasa. Bankin Preston ya kasa biya, ya rufe ƙofa. Livesey yana da shekara 72 a lokacin. Ya shiga gaba wajen sasanta masu ajiya da masu hannun jari don a ceto bankin maimakon a watsar da shi. Aka sake buɗewa, shi kuma ya zama ɗaya daga cikin daraktocinsa.

Me ya sa banki ke rufewa in kowa ya zo a rana ɗaya? Saboda kuɗin ba a kwance suke ba, suna hannun waɗanda aka ba rance. Akwatinmu ma haka yake. Yau in kowa ta ce a ba ta ajiyarta, ba za a samu ba, domin wani kaso yana wurin mai sayar da mai, wani yana wurin mai kiwo. Ba sata aka yi ba, kuɗin aiki suke yi. Saboda haka in kuka ji raɗe-raɗi cewa wance ta ƙi biya ko an taɓa akwati, kada ku bi gida-gida da maganar. Ku kawo ta zama. A buɗe akwati da makullai uku a gaban kowa, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, sakatariya ta karanta abin da ke littafi, a gwada. In akwai giɓi, a bi dokar da muka rubuta da hannunmu. In wata ta makara saboda ciwo ko asara, a yi mata sabon lokacin biya, a rubuta. Ƙungiyar da ta watse a tsakiyar shekara, kowa ce ke asara, har da wadda ta fara gudu.

Jane ta rasu a 1869, bayan shekara 54 suna tare. Shi kuma ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1884, yana da shekara 90.

Yanzu ga abin da nake so mu tattauna kafin zubi. Na ɗaya, mu yarda cewa daga yau duk mai neman rance za ta amsa tambayoyin nan uku a gaban zama? Na biyu, wace dattijuwa za mu zaɓa wadda mai matsalar shaye-shaye a gidanta za ta iya zuwa wurinta a asirce? Na uku, me dokarmu ta ce game da wadda ke son fita kafin ranar rabo, kuma kowa ta san da shi? Abin da muka amince a kai, sakatariya ta rubuta, kowa ta dangwala.

Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa, ya shirya mana zuri'a. Shugaba, bismillah, masu makullai su matso.