Goro ko hanci? Haƙƙin mutum na uku da ba ya wurin

Takardar lacca da aka karanta gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati



Akwai wata gardama da ta ƙi tsufa a ƙasar Nijar. Ana yin ta a fada wajen shan shayi, ana yin ta a rumfunan babbar kasuwar Maraɗi da na kasuwar Dole ta Damagaram, ana yin ta a ƙofar masallaci bayan la'asar, har cikin motar haya tsakanin Tawa da Ƙonni. Gardamar ita ce: ɗan abin nan da ake miƙa wa ma'aikaci a buro ko a bakin hanya, goro ne ko hanci? Ɗan kasuwa ya ce shi alheri ya yi wa wanda ya kyautata masa. Ma'aikaci ya ce shi bai roƙa ba, kuma mayar da hannun kyauta baya wulakanci ne. A watse kowa na ganin shi ke da gaskiya, gobe a dawo a ɗora.

Zama a tattauna irin wannan batu a bainar jama'a tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar nan. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su yi mahawara a kansa, a ɗauki muryarsu a watsa. A 1991 kuwa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ƙasa ta kasa kunne ga Taron Ƙasa na Yamai, inda wakilai fiye da 1,000 suka baje kolin abin da aka daɗe ana raɗawa. Wannan zama na yau ƙaramin reshe ne na wancan itace, kuma magana ɗaya ya zo da ita: duk inda aka yi hanci, akwai mutum na uku da aka ci haƙƙinsa, wanda ba ya wurin balle ya yi magana.

Sunaye masu daɗin ji

Ba a cika kiran abin da sunansa ba. Sai a ce goro, ko kuɗin shayi, ko kuɗin mai, ko gaisuwa, ko tukuici. Duk waɗannan sunaye aro ne daga al'adu na mutunci, domin zaman Bahaushe a kan bayarwa aka gina shi. Ba a zuwa gaban babba hannu sake, ba a sallamar ɗan aike ba tukuici, kuma wanda bai kai gudummawa bikin wani ba, ranar nasa zai ga tabarmi babu kowa. Shi ya sa marowaci ya fi kowa baƙin jini a gari.

A 1974 wani masani ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Halaye goma ya jera: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wahalar ma'aikacin gwamnati tana tsakanin biyu daga cikinsu. Karamci yana ce masa ya buɗe hannu ga dangi da baƙo, amana tana ce masa abin da ke hannunsa ba nasa ba ne. Ranar da suka yi karo a kan tebur ɗaya, wanne zai bi?

Bara da ubangidansa

Amsar tana wurin ƴan kasuwa, domin ba wanda ya fi su sanin amana. Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda kasuwancin garin ya tsayu a kan dangantakar ubangida da baransa. Alhaji kan danƙa wa bara kaya na miliyoyi ya tura shi Kano ko ƙauyuka, ba takarda ba sa hannu, sai yarda. To a ɗauka wani mai saye ya ja bara gefe, ya cusa masa jikka 20 a aljihu, bara ya rage masa jikka 100 cikin kuɗin kayan. Wane alhaji ne zai kira wannan alheri? Ko da bara ya rantse cewa bai roƙa ba, sunansa maci amana, kuma daga ranar ba mai sake ba shi ko buhun gishiri.

Ma'aikacin duwan da ke Ɗan Isa ko Magariya, da mai karɓar lanho, da mai raba kwangila a ma'aikatar minista, dukansu barori ne. Ubangidansu shi ne jama'a. Hatimin da ke hannunsu aro ne, kujerar ma aro ce. Abin mamaki shi ne, alhajin da zai kori baransa a kan jikka 20, shi ne da kansa zai miƙa wa baran jama'a jikka 50, ya koma gida hankalinsa kwance.

Ga lissafin a fili. A ɗauka kamyo ya taso daga Jibiya da kayan da haƙƙin duwan ɗinsu ya kai jikka 500. Aka daidaita: jikka 200 a baitulmali, jikka 50 a aljihu. Mai kaya ya tsira da jikka 250, ma'aikaci ya samu 50, kowa ya yi murmushi. Amma jikka 300 da ba su shiga baitulmali ba, na wane ne? Na malamin lakwal ne da ke jiran albashi, na mai naƙuda ne da ta tarar babu magani a likita, na direban wannan kamyo ne da ramukan hanya za su karya masa ƙafar mota. Har da ƙaramin ɗan kasuwa da ya biya nasa cif, wanda gobe zai rasa mai saye domin maƙwabcinsa na karyar da kaya. Kyauta daga aljihun mai ita take fita, ta ƙare nan. Hanci kuwa rance ne da mutum biyu ke ci da sunan wanda ba su shawarta ba.

Ma'auni uku

Addini ya daɗe da ajiye ma'auni na farko. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce kyauta aka ba shi. Manzo ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya yi zamansa a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Duk ma'aikaci na iya gwada kansa da wannan: ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, buhunan shinkafa nawa ke ci gaba da sallama a ƙofar gidansa? Waɗanda suka ci gaba, na zumunci ne. Waɗanda suka ɗauke, da ma kujera ake yi wa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soka a Kitabul Farƙi. Ashe sunan da matsalar duka sun girmi zuwan Nasara.

Ma'auni na biyu shi ne idon jama'a. Gudummawar biki, maroƙi ke shelar ta, mai ita na jin daɗi. Abin da sai an naɗe shi cikin takardun mota, ko an jira magatakarda ya fita, shi da kansa ya faɗi sunansa.

Na uku shi ne tambayar da aka fara da ita: wa zai biya? In an duba gabas da yamma ba a ga wanda aka tauye ba, ba layin da aka tsallake, ba kuɗin hukuma da suka ragu, ba hukuncin da ya karkata, to zance ya yi sauƙi. In kuwa an gan shi, sunan goro ba ya wanke kowa.

Uzurin da ake kawowa

Adalci ne a saurari ma'aikaci. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka jera ba albashi ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga dala 10 ya koma dala 20, kuɗin magani da na kayan waje suka yi sama, albashi bai bi su ba. Gwamnatin da ta riƙe haƙƙin ma'aikacinta ita ta fara cin amana, kuma ubangidan da ya bar baransa da yunwa yana da kaso cikin laifin. Sai dai yunwa tana bayyana dalili ne kurum, ba ta halatta abin wani. Malamin lakwal na ƙauye ya sha wannan yunwar, ba shi da shinge a hanya, kuma kuɗin da ɗan uwansa ya karkatar su suka ƙara masa watannin jira.

Uzuri na biyu shi ne dangi. Ƴan boko har sun yi wa abin laƙabi da harufa uku na Faransanci, PAC, wato dangi, abokai da idon sani. Wanda ya samu muƙami, gari ɗaya ke zuba masa ido, in ya ƙi a ce ya manta asalinsa. Binciken da Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a Nijar da Benin da Senegal, tare da Mahaman Tidjani Alou, wanda ya fito a littafi da Faransanci a 2007, ya tarar da haka: kowa na tsine wa cin hanci, amma wanda ya ƙi ci akan ɗauke shi wawa ko mugu. Nan ne jama'a ke da nata laifi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Karamci da dukiyar wani ba karamci ba ne, kuma uwar da ta ce wa ɗanta lokacinsa ne, ita ma ta sa hannu a aljihun mutum na uku.

Akwai kuma wanda ba shi da zaɓi: talakan da aka riƙe wa takardar haihuwar ɗansa, ko direban da takardunsa suka cika amma aka ƙi ɗaga masa shinge. Wannan ƙwace aka yi masa, kuma malaman fiƙihu da dama sun ɗora zunubin a kan mai karɓa kaɗai. Amma kada mai neman a rage masa abin da ya wajaba a kansa ya fake da rigar wanda aka tilasta. Na farko haƙƙinsa yake fansa, na biyu haƙƙin wani yake saye.

Hukumomi sun zo sun wuce

Ƙasar nan ba ta rasa dokoki ba. Sojojin da Seyni Kunce ya jagoranta suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin hujjojinsu har da karkatar da abincin agaji lokacin fari. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe ƙarƙashin basussukan da ba a biya ba. Taron Ƙasa ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, a 1992 aka fitar da dokar hukunta tara dukiya ta haram. Badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare ta kai tsofaffin ministoci biyu gidan kaso a 2006, ta kuma kai ga faɗuwar gwamnati a majalisar dokoki ranar 31 ga Mayu 2007. An kafa HALCIA a 2011. A 2020 rahoton farko na binciken sayen kayan soja ya yi maganar sefa miliyan dubu 76. A 2023 aka kafa COLDEFF.

Shekara kusan hamsin ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe, kowane mulki da tsintsiyarsa. Hukuma tana iya kama wanda ya riga ya ci, amma ba ta da iko a kan wanda gari ke girmamawa. Wannan hukunci a fada ake yanke shi, da zauren biki, da sahun gaba na masallaci. Muddin ana yi wa mai albashin jikka 150 kirari ranar da ya tare a gidan bene, ba a tambayi inda ya samu ba, to yaron da ke hura gawayin shayi ya gama ɗaukar darasinsa.

Abin da ke hannun wannan taro

Ɗan kasuwa ɗaya ba ya iya ƙin bayarwa shi kaɗai, domin kayansa za su kwana a bakin iyaka na abokan gasarsa su wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta direbobi tana iya tsayawa a kan abu biyu: a manna farashin kowane aiki a bangon buro inda kowa zai gani, kuma duk dalar da aka biya a ba da takardar shaidarta. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka san hanyar yajin aiki a kan albashi, suna iya kare ɗan uwansu da aka tura daji domin ya ƙi sa hannu. Iyaye da matan aure kuma suna iya rage nauyin da suke ɗora wa mai muƙami. Kowane gari yana da tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya a gidan haya, hannunsa tsab. A fara ba shi tabarmar gaba, yara na kallo.

Yanzu fili na masu sauraro ne. Wanda ke ganin akwai goron da ya tsallake ma'aunan nan uku, ya kawo misalinsa a auna shi a gaban kowa. Sharaɗi ɗaya ne: kafin a yanke hukunci, a bar wa mutum na uku wurin zama, a tambayi abin da zai ce.

Allah ya ba da ikon riƙon amana.