TSUNTSAYEN TSAKAR GIDA A LOKACIN HUNTURU

Jawabin da 'yan'uwa mazauna Kwarbai, cikin birnin Zariya, suka gabatar a taron zumunta na ƙarshen shekara.

  Muna godiya ga Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekara da rai da lafiya.

An roƙe mu mu faɗi wani abu a kan zamanmu a cikin birni. Mun san waɗansu suna jiran su ji maganar ƙarancinmu, gama ba sabon labari ba ne. Dokta Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, amma a 1929 aikin mishan ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew. Tun daga lokacin masu bi da suke kwana cikin ganuwa ba su da yawa, kowace Lahadi kuma sai mun fita bayan gari kafin mu yi sujada. Duk da haka maganar tsuntsaye muka zaɓa mu yi muku yau. Ku yi haƙuri, za ku ji dalili.

Ruwan sama yakan ɗauke mana a watan Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga ƙasar Chadi take tasowa. Kududdufai su ƙafe, ciyawa ta bushe, abin da ya saura kuma a cinna masa wuta. Mu muna da rijiya, muna da 'yan garuwa. Tsuntsu ba shi da ko ɗaya. Shamuwa ta san lokacinta, kamar yadda Irmiya 8:7 ya nuna, takan bar mu da zarar damina ta ƙare ta nufi kudancin Afirka. Amma kurciya da gwara da baiwar Allah da hasbiya tare da mu suke shan sanyin. Akwai kuma baƙi, irin tsattsewar da ke gudun sanyin Turai, ta ƙetare hamadar Sahara ta zo ƙasarmu, ta koma wajen watan Afrilu.

Ba a majami'a muka koyi kula da su ba. Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, Musulma, wadda dukan unguwa ke kira Inna. Shekara da shekaru tana ajiye kasko a gindin darbejiyar gidanta, kullum da asuba ta zuba ruwa, ta watsa tsaki, ta ce sadaka ce. Wani hunturu ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ta aiko a kira yaranmu, ta ce musu, "Jikokina, ga amana. Kada kaskon nan ya kwana ba ruwa." Wata biyu yaranmu suna shiga gidan kafin su tafi makaranta. A dalilin haka matanmu suka fara shiga gaishe ta, 'ya'yanta kuma suka zo mana barka da Kirsimeti, abin da ba a taɓa yi ba a baya. Ba mu yi gardamar addini da kowa ba. Ita tana kan addininta, mu muna kan bangaskiyarmu, amma katangar da ke tsakaninmu ta ragu. Daga nan kowane gida a cikinmu ya ajiye nasa kaskon.

Ga abin da muka koya, domin wanda yake so ya gwada.

Na ɗaya, ruwa ya fi hatsi muhimmanci. Kaskon fasasshiyar tukunya ya isa, kada zurfinsa ya wuce gaɓar yatsa biyu. A sa dutse a tsakiya domin ƙanana su sami wurin tsayawa. A zubar da ruwan kowace safiya a wanke kaskon, don kada sauro ya hayayyafa a ciki.

Na biyu, ba sai an taɓa abincin yara ba. Mun san yadda tsadar hatsi take. Tsakin gero ko na dawa, da abin da ya zube wajen sheƙa da surfe, da ƙanzon tuwo da aka jiƙa, sun wadatar. Kada a ba su abin da ya yi fumfuna ko mai gishiri. Irin shuka da aka shafa wa magani kuwa guba ne, a nisanta shi da su, a nisanta shi da yara.

Na uku, a ɗora kaskon a kan katanga ko kututture, kusa da itace, inda kyanwa ba za ta iya laɓewa ta kai musu cafka ba.

Na huɗu, a raba wurinsu da na kaji. Ba mu manta ba cewa a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, nan kusa da mu, mutane da yawa kuma suka yi hasara. Wanda ya ga mataccen tsuntsu kada ya ɗauka da hannu, ya sanar da malaman dabbobi. Bayan wanke kasko a wanke hannu da sabulu.

'Yan'uwanmu manoma za su ce, ai tsuntsu ɓarawon gona ne. Gaskiyarku, wanda jan baki ya taɓa sauka a gonarsa ba ya mantawa. Amma a wannan lokaci amfanin gona yana rumbu, kuma tsuntsaye da yawa ƙwari da tsutsotsi suke ci. Ku tuna da ungulu. Dattawan da ke nan sun san yadda take cika mahauta da kasuwa a da, tana share mushe ba lada. Yau yaranmu da yawa ba su taɓa ganinta ba. Guba da masu kama ta don tsafi da magani sun rage ta ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba wanda ya yi zaton haka za ta faru.

Ku yara, maganar danƙo muke so mu yi da ku. Harbin tsuntsu don wasa kawai ba hali ne na ɗan Allah ba. Ku ɗauki littafin rubutu, ku zauna shiru da sassafe, ku rubuta irin waɗanda suka sauka da yawansu. Ku tambayi kakanninku sunayensu da Hausa kafin sunayen su ɓace. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, inda 'ya'yan ƙasar nan suke samun digiri a kan wannan ilimi. Wa ya sani ko wani a cikinku zai kai can?

A ƙarshe, idan kun koma gida ku karanta Matiyu 6:26 da Luka 12:6 da 7. A wurin Ubangijinmu ya nuna cewa Uba ne ke ciyar da tsuntsaye, ko gwara ɗaya ba ya mantawa da ita, darajarmu kuwa ta fi tasu. Mu da muke kaɗan a unguwanninmu mun san zaman ɗar-ɗar. Akwai dare da muka kwana ido biyu saboda jita-jita, akwai lokacin da muka yi tunanin tattara kaya. Da gari ya waye muka ga gwara ta sauko ta ci, ta sha, ta tashi, sai muka tuna da wanda yake riƙe da mu. A 1 Sarakuna 17 hankaki Allah ya aika suka ciyar da Iliya. A Kwarbai kuwa kaskon wata tsohuwa ya yi amfani da shi ya ba mu maƙwabta.

Roƙonmu shi ne kowane gida ya ajiye kasko ɗaya daga yanzu har ruwan fari. Ku kuma riƙa tunawa da mu da maƙwabtanmu cikin addu'a. Alherin Ubangiji ya tabbata tare da ku duka. Amin.