Mu Je Warwade, Mu Kuma Kula da Ita



Yau maganarmu a kan Warwade ce, madatsar ruwan nan da ke kusa da Dutse. An gina ta tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ya je. Ya je da sassafe, lokacin da masunta ke tura kwalekwale, balbela na sauka a bakin ruwa, manoman rani na ban ruwa. Ya je da 'ya'yansa. Yaron da ya tashi tsakanin duwatsun Garu na Dutse da itatuwan dabino ya kamata ya san garinsu ma yana da ruwa.

Amma jama'a, ruwa ba ya tsare kansa. Idan aka sare itatuwan gaɓa, ƙasa za ta zaizaye, yashi ya cike madatsar. Idan aka watsar da leda, kifi ne zai fara shan wahala, sannan mu.

Duniya ta san dausayin Baturiya na ƙasar Haɗejiya saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Warwade ma ta cancanci kulawa. A dasa itatuwa, a gyara wurin zama.

Hukuma, don Allah ku duba. Mu kuma idan mun je, mu kwashe shararmu.

Sai wani jiƙon.