Jawabi Ga Hakimai A Jiga Birni Kan Ƙara Wa Malaman Makaranta Sani

Maganar da na zo da ita a kan malamin makaranta ce, watau yadda zai ƙara sani bayan ya kama aiki.

Mutane da yawa suna zaton in malami ya karɓi takardar shaida ya gama. Amma wuƙa, komai kaifinta, in ta daɗe tana yanka sai an wasa ta. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, shekara biyar take horon mutum kafin ta ba shi aji. A 1976 kuwa, da aka soma ilmin firamare kyauta, yara suka cika makarantu, malamai suka kasa, aka ɗebi waɗanda horonsu bai nuna ba. A shekarar nan aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya yi karatu yana bakin aikinsa. Yanzu takardar NCE ita ce mafi ƙanƙanta da ake nema, ga kuma Kwalejin Adamu Augie nan Argungu.

Akwai kuma kos na lokacin hutu. Ban raina shi ba, amma sau da yawa malami yakan dawo ya jefa takardun cikin akwati, ya ci gaba da yadda ya saba.

Hanyar da na fi so, ku kun riga ni saninta. Ku dubi masu ɗori na Aliero. Yaro ba ya koyon ɗori da jin labari. Gefen ubansa yake zama yana kallo, ran nan a ce ya kama, in ya karkace a gyara masa hannu nan take. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ma jajojinta sukan zo su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koyar, sa'an nan su sake dawowa. Har a Japan malamai sukan shirya darasi tare, ɗaya ya koyar saura na kallo, bayan an tashi su zauna su ga inda yara suka ruɗe. Wannan ba ya cin kuɗin mota, sai dai yana bukatar malami ya yarda a ga kuskurensa, abin da ba kowane babba ke so ba.

Abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, in kun fita rangadi ku tambayi hedimasta yaushe malamansa suka zauna irin wannan zama. In makarantu uku ko huɗu za su haɗu, ku taimaka da masauki. Ku kuma malaman ofis, ku rubuta sunan wanda ya je kos da wanda bai taɓa zuwa ba, don kada mutum ɗaya ya riƙa tafiya kowace shekara, malamin ƙauye mai nisa yana zaune ba a tuna da shi ba.