KABEWA DA DANGINTA: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON ƘUNGIYA A SABO, IBADAN

 

Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu a Kurmi, a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai kabewa? To, a yi mana haƙuri a saurara. Tun 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo, yau ga jikoki ga tattaɓa-kunne. Amma ku kira yaro a cikinsu ku ce ya miƙo muku ludayi ko masaki, sai ya tsaya yana kallonku. Elegede ya sani, don shi yake ji a bakin maƙwabtanmu Yarbawa, amma kabewa sai an nuna masa. Wannan shi ne abin da ya dame mu.

Bari mu fara da ita kabewar. Masana sun ce asalinta daga ƙasar Meziko ne, inda aka fara nomanta kusan shekara 10,000 da suka wuce, daga baya ta tsallako teku ta iso mana. Tana da iri-iri. Akwai mai faɗi mai tsaga-tsaga, akwai doguwa mai wuya, akwai mai koren baya da ɗigo-ɗigo, akwai mai launin ƙasa. Wadda cikinta ya fi ja ita ta fi zaƙi, ita kuma ta fi amfani, domin wannan jan shi jiki yake juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, wato yaro ya daina gani sosai da zarar magariba ta yi. Ashe da iyayenmu mata suke dama miyar taushe da kabewa da alayyafo da yakuwa da gyaɗa, a ci da tuwon shinkafa ko waina, magani suke ba mu ba mu sani ba. 'Ya'yan cikinta ma kada a zubar. A wanke, a shanya, a soya, suna da mai, suna kuma gina jiki. Ganyenta ɗanye shi ma miya ne.

Sai danginta da muka tarar a nan. Ugu, wanda 'yan'uwanmu Ibo suka fi nomawa, yana hawa rumfa ne, ganyensa ake ci, kuma yana da kyau ga mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. Agushi kuwa daga guna ake samunsa, cikinta ɗaci ne, 'ya'yan kaɗai ake nema. Har soson wankan nan da ke hawa danga, duk gidansu ɗaya.

Babban yayansu shi ne duma, shi kam ɗan Afirka ne. Dubi abin da ake fitarwa daga jikinsa: masaki, ƙwarya, ƙoƙo, ludayin fura, jallon alwala, zungurun da mata ke sa hannu in sun yi lalle, shantun 'yan mata, da ƙoƙon goge da gurmi. Masunta a Argungu da gora suke iyo. Fulani da ƙwarya suke tallar nono. Nan kusa da mu a garin Oyo, sassaƙar ƙwarya sana'a ce ta gado. Malamanmu kuma za su tuna mana cewa a Suratus Saffati an ambaci tsiron da Allah ya fitar ya yi wa Annabi Yunusa inuwa, kuma ya zo a hadisin Anas cewa Manzon Allah (SAW) yana son duma a cikin miya. Yau roba ta kori ƙwarya, gyartai ya rasa aiki. Ba mu ce a zubar da roba ba, amma furar da aka dama a ƙwarya, ai kowa ya san ba ɗaya ba ne.

Ga gargaɗi guda, iyaye mata a riƙe shi da kyau. Duk kabewa ko duman da aka ɗanɗana aka ji ɗaci mai tsanani, kada a ci, kada a ce wuta za ta kashe shi. Wannan ɗacin guba ne, dafuwa ba ta kawar da shi, yana sa amai da gudawa, ga yaro kuwa abin yakan yi muni.

To, me muke roƙo? Abu uku ne. Na farko, duk mai ɗan fili a bayan gida, ko bakin kwata ne, ya shuka kabewa in ruwa ya sauka a watan Maris ko Afrilu. Ƙwaya uku a rami, a zuba taki, a bar taku biyu ko uku tsakani don tana yaɗo. Cikin wata uku zuwa huɗu an ci. In kun ga furen farko yana zubewa kada ku tuge ta, namijin fure ne. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindinta, ƙudan zuma ke haɗa su, saboda haka a rage fesa magani. Na biyu, 'yan kasuwarmu masu sauke kaya a Bodija, a riƙa yanko ta da guntun kararta, kada a jefa, kada a jibge ta a ƙasa. A Arewa takan yi watanni a ɗaki, amma laimar Kurmi ba ta da sabo, sai an ɗora ta a kan katako inda iska ke shiga. Na uku, mu riƙa kiran abubuwan nan da sunansu a gaban 'ya'yanmu. Yarbanci su koya, zaman tare ya sa dole, amma Hausa daga bakinmu kaɗai za su same ta.

A taro mai zuwa, duk wanda ke da irin kabewa mai kyau daga garinsu, ya ƙullo kaɗan ya kawo a raba wa masu so.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya albarkaci zuriyarmu.