Ƙanƙara Mai Cin Wuta da Ɗakunan Gwajinmu

Shugaban reshe, iyayenmu malamai, 'yan'uwa abokan aiki da muka hallara nan Kwarbai.

A ƙarƙashin tekun Nijeriya, can gaba da gaɓar Neja Delta, akwai wata ƙanƙara wadda in aka kusanta mata ashana sai ta kama da wuta. Asalinta ruwa ne da iskar gas. Idan sanyi da matsi mai tsanani suka haɗu, ƙwayoyin ruwa kan jeru su gina ɗan akurki, su kulle ƙwayar gas a ciki. Curi guda in ya narke yakan saki gas da ya ninka girmansa kusan sau 160. A 1934 aka gano cewa ita ce ke toshe bututun gas a Amurka.

Da zarar an fito da ita sarari sai ta wargaje, don haka masana kan ƙera ta a ɗakin gwaji. Sukan sami tukunyar baƙin ƙarfe mai kauri da 'yar taga ta dutse mai garau, su zuba ruwa, su dura gas, su sanyaya ta. Ko a sanyin da ruwa ke daskarewa, matsin da ake bukata ya ninka iskar tayar mota fiye da sau goma. Daga nan a haska mata leza ko hasken eksire, domin a ga yadda akurkin ya ginu.

Me ya kawo wannan zance taron malamai? Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai bukaci masu sanin halin gas cikin matsi. Alhali da yawanmu muna koyar da Dokar Boyle da alli kawai. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, bai taɓa ganin allurar ma'auni ta motsa ba.

Ba tukunyar miliyoyi muke roƙo ba. Sirinji, ma'aunin zafi, da ma'aunin iska irin na masu faci sun isa a fara. Muna roƙon reshe ya sa waɗannan cikin bukatun da zai miƙa wa gwamnatin jiha, ya kuma rubuta wa Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NARICT ta Basawa, a ba ɗalibanmu na sakandare rana guda kowane zango su shiga ɗakunan gwajinsu.