Amsoshi Sun Ɓace a Saba? Ga Inda Ake Fara Nema

 

Yau da ɗalibai masu bincike ta intanet nake, musamman 'yan ajin ƙarshe. A ce kana gwaji kan manoman albasa na Aliero: rabinsu ka nuna musu farashin kasuwa kafin su amsa tambayoyinka, rabi ba ka nuna ba. Mutum 200 suka amsa, ka buɗe saba, wato kwamfutar da ke karɓar amsoshin, ka tarar da 160. To ina 40?

Abin da wasu ke yi, kuma duk mun sani, shi ne su zauna a ɗaki su cike gurbin da ka. Wallahi wannan ha'inci ne. Idan duka 40 ɗin daga rukuni guda suka fito, ai gwajin ma ya karkace, ƙarya ba za ta miƙar da shi ba.

Fara da wayar. KoboCollect da ODK Collect suna ajiye amsa a waya idan babu sabis. Fom ɗin da aka bari ba a kammala ba kuwa, ba ya tafiya ko sabis ya dawo. Ka karɓi wayar kowane mai tattara bayanai ka duba da idonka, kuma kada kowa ya goge manhajar tukuna.

Sai adireshi. KoboToolbox na da saba biyu, ta duniya da ta Tarayyar Turai, kowacce da asusunta. Ka tabbata inda wayar ke aikawa nan kake dubawa.

Ga wanda ya fi rikita mutane: agogo. Yawancin saba da agogon UTC suke rubuta lokaci, mu kuma a Najeriya mun riga shi da awa ɗaya. Wayar da ta samu sabis ƙarfe 12:30 na dare, Talata ta riga ta shiga a nan, amma rajistar saba za ta rubuta 11:30 na daren Litinin. Kai kana can kana tace na Talata, kana cewa sun ɓace. Suna nan fa, kwana ɗaya baya.

Ita kanta rajistar, wato kundin da saba ke rubuta duk abin da ya shigo mata, ba ta dawwama. A Heroku, inda masu gwaji da oTree kan ɗora aikinsu, layi 1,500 na ƙarshe ake riƙewa, kuma ba ya wuce mako guda. Saboda haka ka sauke ta kullum da yamma, kada ka jira sai ranar da malami ya tambaya.

Idan duk ka bi waɗannan ba su fito ba, rubuta a rahotonka cewa 160 ka samu, 40 sun ɓace, ga ranar, ga ƙauyukan, ga rukunin da suka fito. Ka kai wa mai duba aikinka haka, tare da rajistar da ka sauke.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.